Shaidar Mai Bi a Wurin Aikinsa

Jawabin da wani dattijon ekklesiya ya yi a taron jubili a Mokolo

 An ce in yi magana da Hausa domin 'yan'uwanmu na Nijeriya da ke zaune tare da mu su ji da kunnensu, masu fassara kuwa za su juya da Fulatanci da Mafa. Saboda haka zan riƙa tsayawa, sai ku yi mini haƙuri.

Kwana biyu ke nan muna ta faɗin jubili, jubili, har yara sun kama kalmar suna waƙa da ita. Ya kamata mu san inda ta fito. Tana cikin Littafin Firistoci, sura 25. Can aka umarci Isra'ilawa su ƙidaya shekara bakwai sau bakwai, watau 49, sa'an nan a busa ƙaho cikin ƙasar duka, shekara ta 50 ta zama ta saki. Wanda talauci ya sa ya sayar da gonar ubansa, gonar ta koma hannunsa. Wanda ya sayar da kansa ga ɗan'uwansa, ya fita tare da 'ya'yansa ya koma gida. Ko kuɗin gona ma ba a yanka shi yadda aka ga dama, sai a lissafta yawan kakar da ta rage kafin jubili: in da yawa kuɗin ya hau, in kaɗan ya sauka. Sau biyu cikin surar aka gargaɗe su kada wani ya cuci wani wajen saye da sayarwa. Aka hana cin ruwa a kan bashin da aka ba ɗan'uwa matalauci, aka kuma hana gallaza wa bara.

Wanda ya karanta surar a natse zai ga ba a tsara wata hadaya ta musamman a cikinta ba, ba a kuwa ce a yi taro irin namu na yau ba. Maganar gona ce, da bashi, da ciniki, da ɗan ƙodago. A kasuwa a ke kiyaye jubilin Allah, da bakin gona. Shi ya sa da aka ba ni wannan kan magana, watau zaman mai bi a wurin aikinsa, ban ga na kauce wa bikin ba ko kaɗan.

Mu tuna tukuna yadda bishara ta hau duwatsun nan. A shekarar 1904 Dokta Karl Kumm da abokansa suka isa Wase a ƙasar Nijeriya, suka kafa tashar farko ta mishan ɗin nan da a ke kira S.U.M. A 1925 mutanen Norwe suka zauna a Gaundare. Rabonmu na duwatsun Mandara ya zo daga baya, sa'ad da reshen Suwizalan na S.U.M. ya aiko da ma'aikata, cikinsu har da Hans Eichenberger da matarsa, waɗanda suka zauna a Sulede, suka koyi bakin Mafa. Amma wane irin mutane suka tarar? Tsofaffin da suka tarbe su ba su manta da Hamman Yaji na Madagali ba, wanda mayaƙansa suka yi shekaru suna kai hari kan duwatsu suna kwasar mutane bayi, har aka tuɓe shi a 1927. Ban da wannan ga harajin Faransawa, ga aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Mutumin dutse ya riga ya koyi abu guda, cewa baƙon da ya hawo, karɓa ya zo yi.

Mutumin da ya koyi wannan, daɗin baki ba ya shigarsa. Ku tambayi tsofaffin da suka rage cikinmu abin da ya fara taɓa zuciyarsu. Kaɗan ne za su ambaci wa'azi. Yawancinsu za su ce hannun da ya wanke gyambo bai yi ƙyama ba, ko malamin da ya zauna ƙarƙashin itace yana koya wa yaro baƙi da wasali, ko kuwa ranar da suka ɗauki duwatsun gini, da yamma aka biya su daidai abin da aka faɗa da safe. Masu bishara na fari, 'yan ƙasa, su ma manoma ne. Suna ɗaure gonakinsu da duwatsu hawa hawa kamar kowa, bana dawa baɗi gero kamar kowa, maƙwabta kuwa suna duban gonar kafin su saurari bakin mai ita. Asibitin Koza na Adbentis da na Zidim na Baftis ba namu ba ne, amma gaskiya ta sa mu faɗa, sun yi wa sunan Yesu hidima a ƙasar nan fiye da wa'azi dubu.

Ba sabon abu ba ne wannan. Manzo Bulus maɗinkin tanti ne. Da ya isa Korinti, a gidan Akila da Biriskilla ya sauka domin sana'arsu ɗaya, ya yi shekara ɗaya da rabi a birnin. Ku yi tunanin yawan mutanen da suka fara saninsa da basilla a hannu, tun ba su taɓa jin ya buɗe Littafi ba. Da ɗinkinsa yana farkewa, ina tsammani majami'ar Korinti da ta ji labari.

Yanzu fa in zo ga namu. Zan fara da maƙeri, gama babu sana'ar da ta fi tasa gwada mu.

Kun san matsayin maƙeri a ƙasar Mafa, haka kuma wajen Kapsiki. Dā shi ne mai narka tama. Mata su tara baƙin yashi a rafi bayan ruwan sama, shi kuwa ya gina doguwar tanderu, ya hau bisa yana zuga yini guda har ƙarfe ya taru. Wani matafiyi mutumin Suwizalan, René Gardi, ya ɗauki hoton aikin a 1953, bayan haka ba da daɗewa ba tarkacen motoci ya kashe narkin tama. Amma ƙira ta wanzu. Fartanyar da mu ke noma da ita, da laujen da mu ke yanka, daga hannun maƙeri su ke fitowa. Bisa ga al'ada shi ne ke binne gawa, matarsa ce ke gina tukwane, sau da yawa ita ce ke karɓar haihuwa. Watau gidansa ne ke tarbar mutum ranar zuwansa duniya, gidansa ne kuma ke raka shi ranar fita. Duk da haka ba a auren 'yarsa, ba a ba shi 'ya, ba a sa hannu cikin ƙwarya ɗaya da shi.

Sa'ad da maƙeri ya ba da gaskiya, abu biyu ya kan same shi. Na ɗaya, akwai sashen aikinsa da ba zai ƙara yi ba, watau duba da tsafe-tsafen da ke tafe da jana'iza, can kuwa akuya da giya da hatsi su ke fitowa. Ranar da aka yi masa baftisma, rumbunsa ya ragu. Na biyu, ya kan shigo ekklesiya da begen cewa a nan dai za a ɗauke shi mutum kamar kowa. To, me ya tarar? Ran Lahadi mun ci Jibin Ubangiji tare da shi. Ran Laraba a kasuwa, mu ne ke ajiye masa ƙwaryarsa dabam. Maƙwabcinmu da bai bi ba yana kallo, ya kuwa gane sarai wace rana ce gaskiyarmu. Ina roƙonku, ku manoma masu bi, ku sayi fartanya a wurin ɗan'uwanku maƙeri, ku biya shi a kan kari, ku zauna ku ci tuwo da shi a bakin maƙera inda kowa zai gani. Kai kuma ɗan'uwa maƙeri, ka sa wa fartanyarka ƙarfe isasshe. Fartanyar da ta kai damina uku tana ambaton sunanka a gonakin da ƙafarka ba ta taɓa takawa ba, wata rana kuwa za a tambayi dalili.

Sai kasuwa. Ran Laraba garin nan ya kan cika da mutanen Koza da Sulede da Turu da ƙasar Kapsiki, ga albasa, ga dankali, ga wake da gyaɗa, ga awaki. Rabin matan da ke zaune gabana suna da wurin zamansu a can. Iyayena mata, ku yi mini gafara, zan faɗi abin da kowa ya sani. Akwai mai kwano biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Akwai mai dukan gindin kwano da dutse don ya lotsa ciki. Akwai mai zuba waken bara mai ƙwari a ƙasa, ta rufe da na bana. Maimaitawar Shari'a sura 25 ta hana mutum ajiye mudu iri biyu a gidansa, kamar dai Musa ya taɓa zagaya kasuwar Mokolo. Tsohuwar da ta sauko daga dutse tun asuba da kwano biyar na gero a ka, ba ta iya karatu ba, ba za ta taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Kwanonki ne littafin da za ta karanta. In ta koma gida ta auna ta ga an ci ta, ba za ta ce wance ta cuce ni ba, cewa za ta yi, matan majami'a ɓarayi ne.

Akwai kuma bashin damina, wanda ya fi kwano ciwo. Cikin watan Agusta, sa'ad da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, mai abin hannu ya kan ba da buhu ɗaya a biya shi biyu da kaka. In an kasa, sai gona ta shiga jingina, a ƙasar da kowane taƙi na gona kakanni suka gina shi da hannu dutse bisa dutse. Na ji ana cewa ai ciniki ne, ba wanda aka tilasta. Yunwa ta tilasta. Ba zan ambaci kowa ba, amma in akwai mai bi a nan da ke riƙe da gonar maraya ko ta gwauruwa saboda buhun da ya ba da shekara goma da suka wuce, to, ga jubilinsa nan gabansa. Ba ya bukatar sabon yadi na biki. Ya je ya mayar.

Ku na gangare, masu noman auduga wajen Koza da Mozogo da Hina, naku gwajin dabam ne. Tun da aka kafa Sodecoton a 1974 bayan kamfanin Faransawa na dā, a kan ba manomi iri da taki da maganin ƙwari bashi, a cire ranar awo. Bashin kuwa na ƙungiya ne, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa. In mutum ya karɓi taki ya sayar a kasuwa, ko ya haura da audugarsa Nijeriya da dare domin kuɗin can ya fi, kamar yadda aka yi da yawa a 2011, ba kamfani ne ke fara jin zafin ba. Maƙwabtansa ne a ke cire wa. Haka wanda ya yayyafa wa auduga ruwa, ko ya cusa yashi don ta yi nauyi, yana iya sa a rage darajar ta ƙauyen duka.

Na san wani saurayi mai bi da aka zaɓa magatakardan awo a wani ƙauye inda masu bi ba su kai gida goma ba. Shekara ta fari manya suka ƙi shi, domin bai yarda ya ƙara wa kowa kilo ba, har kawunsa. Shekara ta biyu talakawa suka lura ba a ƙara rage musu ba. Shekara ta uku da ya so ya sauka, limamin ƙauyen ne ya tashi ya ce ba za a sake shi ba. Ban ce muku limamin ya zama Kirista ba, bai zama ba. Amma da masu bi suka nemi fili don su gina ɗakin sujada, ba wanda ya tsaya musu a hanya.

Ma'aikatan gwamnati, ba zan daɗe a kanku ba, gama Yohanna Mai Baftisma ya riga ya yi muku wa'azi cikin Luka sura 3. Masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurinsa suna tambayar abin da za su yi. Abin lura, bai ce wa ko ɗaya ya bar aikinsa ba. Ya hana mai haraji ƙari a kan abin da aka yanka, ya hana soja ƙwace da ƙage, ya ce albashinsa ya ishe shi. Mai bi yana iya zama soja, ko jandarma, ko akawu, ko ɗan sa kai mai tsaron ƙauye. Amma malamin da aka aika makarantar kan dutse, ba a ganinsa sai ƙarshen wata, da ma'aikacin asibitin da ke sayar da maganin da aka ce kyauta ne, da mai tsaron shingen da ba ya ɗaga sanda sai an miƙa masa sefa ɗari biyar, in ran Lahadi suka sa rigar mawaƙa, ƙauyen duka ya san muryarsu. Na sani albashi ya kan makara, na kuma sani wanda ya ƙi ci, abokan aikinsa su kan tsane shi, har a jefa shi wani lungu mai nisa. Ba abu mai sauƙi na ke roƙo ba. Shi ya sa ekklesiya ba za ta bar irin wannan mutum ya ɗauki kayan shi kaɗai ba.

Wani zai ce, to, ashe sai mu yi aiki mu rufe baki? A'a. Aiki nagari ba ya faɗin sunan kowa. Akwai Musulmi masu gaskiya a kasuwar nan waɗanda kwanonsu ya fi na waɗansunmu cika, akwai kuma masu bin al'adar kakanni da ba su taɓa cin amana ba. In ba ka buɗe baki ba, za a ce kai mutumin kirki ne, yabon ya tsaya a kanka, Ubangijinka kuwa bai sami kome ba. Dole a yi magana. Tambayar ita ce yaushe, da kuma yaya.

Mu a nan ba za mu yi kamar ba mu san zamanin da mu ke ciki ba. A watan Nuwamba 2013 aka sace Fada Georges Vandenbeusch a Ngecewe, nan kusa da Koza. Daga nan ƙauyukan iyaka suka sha hare-haren Boko Haram, wajen Turu da Mayo Moskota aka ƙone gidaje da majami'u, mutane suka watse. Musulmi ma an kashe su, an kore su daga gidajensu. Tsoro ya shiga tsakanin maƙwabta, kalma ɗaya ta ganganci tana iya tada wutar da ba mai iya kashewa. Saboda haka waɗansu sun yi shiru ɗungum, har abokin aikinsu na shekara biyar bai san suna addu'a ba. Waɗansu kuwa sun mai da wurin aiki fagen gardama. Duka biyu ba hanya ba ce.

Ga abin da na gani ya yi amfani. Kada ka yi wa'azi cikin lokacin da maigidanka ya biya, sata ce. Kada ka ɗaura bangaskiya a kan abin da ke hakkin mutum: mai jinya ba ya jinkirta allura don majiyyaci ya saurare shi, malami ba ya ƙara wa yaro maki don ya zo sujada, mai rabon abinci ba ya duban sunan mai karɓa. Wanda ya bi don magani, ranar da ya warke zai tafi. Kada ka zagi abin da mutum ke girmamawa, ko addininsa, ko tukunyar kakanninsa. Amma kada ka ɓoye. Ka yi godiya a kan abincinka a fili. In an haifa wa abokin aikinka, ka je suna. In an yi masa rasuwa, ka je gaisuwa, ka zauna, kada ka yi tsaye a ƙofa. In ɗansa ba shi da lafiya, ka tambaye shi ko ya yarda ka yi addu'a dominsa, da wuya ka sami mai cewa a'a. Ranar tambaya za ta zo, yawanci a kan hanya, ko a inuwa bayan aiki: me ya sa ka mayar da canjin nan, me ya sa ba ka rama ba? Manzo Bitrus ya ce mu zauna a shirye domin wannan rana, mu kuwa amsa da tawali'u. To, sai ka faɗa a taƙaice wanda ya gafarta maka, da abin da ya biya. Littafin yana hannunmu, da Hausa tun 1932, da Fulatanci tun 1983, da Mafa kuma. Wanda bai karanta shi a gida ba, ranar tambaya zai tsaya yana sosa ƙeya.

Kalma ɗaya gare ku, 'yan'uwanmu na Minawawo. Tun da aka buɗe sansanin a watan Yuli 2013, musamman bayan faɗuwar Gwoza a Agusta 2014, kuka yi ta zuwa, har a 2021 yawanku ya haura 60,000. Na ji waɗansunku suna cewa, mu ba mu da wurin aiki, gonakinmu suna bayan dutse. Ku tuna da yarinyar nan ta Littafin Sarakuna na Biyu, sura 5. Maharan Suriya ne suka sato ta daga ƙasar Isra'ila, ta zama baiwar matar Na'aman, sarkin yaƙin mutanen da suka raba ta da uwarta. Ko sunanta ba a rubuta ba. Da ta ga maigidan yana da kuturta, ba ta ce alhakina ne ya kama shi ba. Ta gaya wa uwargijiyarta akwai annabi a Samariya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne an gaskata ta, har sarki ya rubuta takarda, aka ɗaura dawakai a kan maganar baiwa. Yarinyar da ta saba yin ƙarya a kan gishiri da mai, ba wanda zai yi tafiyar kwanaki a kan bakinta. Ku ma kuna da gidan Na'aman. Akwai masu renon itatuwa a sansanin, da mata masu yin gawayi da ɓawon gyaɗa da kara, da teloli, da malamai, da samarin da ke ƙodago a gonakin mutanen Gawar da Zamai. Mai gonar ba zai zo sujadarku ba, amma da yamma zai bi kunya kunya ya duba ko an cire ciyawa har ƙarshe.

Ina da roƙo biyu ga dattawa kafin in zauna. Na ɗaya, kowace ekklesiya ta ajiye kwano cikakke da sikeli a hannun ma'aji, duk mai so ya zo ya gwada nasa ba tare da an kunyata shi ba. Na biyu, kamar yadda mu ke ɗibiya hannu a kan mai bishara sa'ad da za mu aike shi, haka sau ɗaya a shekara, kafin shuka, a kira manoma da maƙera da 'yan kasuwa da 'yan acaɓa da ma'aikata su fito gaba, kowa da kayan aikinsa, a yi musu addu'a a aike su. Ba sai mun jira baɗi ba. Wanda ya san gobe da safe zai kama fartanya, ko guduma, ko kwano, ko alli, ko sitiyari, ya tashi tsaye inda ya ke, fasto zai yi mana addu'a.